Mama Rahama ta Gidan Arkilla

A ranar Alhamis, goma sha huɗu ga watan Agusta na shekarar 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Sista Rahama Ɗanladi a gidanmu na Arkilla da ke Sakkwato. Ta rasu tana da shekara saba'in da bakwai, fiye da hamsin daga cikinsu a cikin lulluɓin sista. Labarin ya same ni a ƙasar Ireland, inda nake aiki. Ina tsaye a ɗakin girki ina haɗa wa tsofaffin da muke jinya shayi, sai Sista Mariyatu, wadda ke riƙe da gidan Arkilla a yanzu, ta kira ni a waya. Ba ta tsawaita ba. Ta ce, "Hajara, sai haƙuri. Mama ta tafi gida." Na ajiye butar na nemi wuri na zauna. Na daɗe da sanin wannan rana tana tafe, amma sani bai rage mini komai ba.

Ga wanda bai san mu ba, mu mata ne mabiya Almasihu, 'yan ɗariƙar Katolika, waɗanda suka ɗauki alkawari a gaban Allah cewa ba za su yi aure ba, ba za su mallaki abin kansu ba, za su zauna tare cikin addu'a da biyayya da hidimar marasa lafiya. Sunan ƙungiyarmu 'Yan'uwan Salama, amma mutanen gari Sistocin Salama suka sani. Ita kuwa marigayiya, daga babba har ƙarama a cikinmu, Mama muke ce mata. Haka zan kira ta a nan, don ban iya wani sunan ba.

Mama, ke 'yar manomi ce daga wani ƙauye a ƙasar Katsina, kuma ba ki taɓa ɓoye haka ba. Kin zo Sakkwato a shekarar 1971, ɗaya daga cikin 'yan mata huɗu da suka fara bin Sista Birjit, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Ireland wadda ta kafa ƙungiyar. Kin sha ba mu labarin gidan laka da kuka fara haya a cikin gari, da yadda daga baya aka ba ku fili a Arkilla. Wanda ya ga Arkilla yau, da rukunin gidajenta da motocin ma'aikata da kekuna masu kai da kawowa, ba zai yarda ba idan an ce masa a lokacin babu komai a wurin sai gero da dawa, da hanyar jakuna mai zuwa Dundaye. Ku kuka haƙa ramukan dogon yaron da yanzu ya rufe tsakar gidan. Ku kuka ɗauki tubali a ka.

A farkon zamanku, da Turanci kuke addu'a, daga littattafan da aka kawo daga ƙetare. Sista Birjit da kanta ta gaya mini, bayan ta tsufa, yadda kika same ta wata rana kika ce, "Sista, bakina yana addu'a, amma zuciyata tana tsaye a waje tana jirana." Ta ce ta yi kwanaki maganar na damunta, sannan ta ba ki dama ki gwada da Hausa. Kika ɗauko Zabura kika ɗora ta a kan muryoyin da kika ji mahaifiyarki na yi a bakin dutsen niƙa. Kika sa aka fitar da bencuna daga ɗakin addu'a aka shimfiɗa tabarmi, kowa ta tuɓe takalmi a ƙofa. Sista Birjit ta ce ranar da aka fara, ita ce ta fi kowa shan wuyar zaman ƙasa, amma ita ce ta fara hana a mayar da bencunan.

Ni na same ku a shekarar 1984, ina 'yar shekara sha tara, daga ƙasar Zuru. Na iso da tsakar rana a cikin bazara, zafin Sakkwato ya kusa sa ni in juya. Na shirya amsoshin tambayoyi da yawa a hanya, ina tsammanin za ki gwada ilimina na addini. Kika ba ni fura mai sanyi daga randa, kika bar ni na sha na huta, sannan kika tambaye ni ko na iya waƙa. Na ce na iya. Kika ce, "To, shiru fa, kin iya shi?" Na ce ban sani ba. Kika yi murmushi kika ce, "Ba komai. Mu ma koyo muke yi."

Yau idan na rufe ido, ranakun gidan nan nake gani. Ba mu da ƙararrawa. Wani tsohon bakin garma ne a rataye a reshen dogon yaro, kina buga shi da ƙusa a hankali, yadda mu kaɗai za mu ji. Da asuba, lokacin da ladanai ke kiran salla ta kowace kusurwa, mu ma muna fitowa ɗaya bayan ɗaya, ba mai cewa komai, har mu cika tabarmi. Muna rera addu'ar safe gari na wayewa, sannan a yi sujadar Mas, babbar ibadar coci, idan Fada, limaminmu, ya samu zuwa. Daga nan kowa ta kama aikinta, wasu a ƙaramin asibitinmu na mata da yara, wasu a lambu, wasu a madafa. Da rana ta take, mu koma mu yi gajeriyar addu'a. Da la'asar akwai zaman shiru, wanda ya fi komai yi mini wuya a farko, ga gumi, ga ƙudaje, ga tunanin gida. Da almuru mu sake taruwa, a nan ne kike kiran sunayen marasa lafiyar da suka zo a ranar, ɗaya ɗaya, da garuruwansu. Ba ki yarda a ce "Allah ya ba marasa lafiya sauƙi" a dunƙule ba. Kin ce kowa da sunansa ya zo duniya. Mafi yawan sunayen nan na Musulmi ne, matan Dundaye da Wamakko da ƙauyukan bakin gulbi, kuma ban taɓa jin muryarki ta bambanta wani da wani ba.

Ba zan yi maganarki in bar Hajiya Sakinatu ba. Gonar mijinta, marigayi Malam Na'Allah, ita ce ta yi iyaka da katangarmu. Sanin juna ya fara ne ranar da aka kawo ta a amalanke da damina, naƙuda ta tsananta, hanyar zuwa babban asibiti ta cika da ruwa. Kika tsaya a kanta har Allah ya sauke ta lafiya. Daga ranar nan zumunci ya ƙullu. Da azumi kina aika mata ƙanƙara daga firjin asibiti, da Salla tana aiko mana nama, da Kirsimeti mu kai musu shinkafa. Ba ki taɓa ɓoye gicciyen wuyanki idan za ki shiga gidanta ba, ita ma idan lokacin salla ya same ta a wurinmu, buta take nema ta shimfiɗa gyalenta a inuwa. Ina nan ranar da ta dawo daga aikin Hajji ta kawo miki tsarabar dabino. Ta ce, "Ni dai na roƙa maki Allah can, ko kina so ko ba ki so." Kika ce, "Ai ni ma kullum sai na roƙa miki, kuma ban taɓa neman izininki ba." Kuka yi ta dariya kamar yara.

A shekarar 1992 ciwo ya tilasta wa Sista Birjit komawa ƙasarsu, muka zaɓe ki shugaba. Mu tara ne kawai a lokacin, aiki ya fi ƙarfinmu. Ba a daɗe ba sai ga roƙo daga Nijar, ana neman sistoci biyu da za su riƙe wani ɗakin shan magani a karkara, can wajen garin Tawa, inda mata ke haihuwa ba ungozoma mai horo. Kusan dukanmu muka ce a ba su haƙuri. Hujjarmu ba ta banza ba ce: idan biyu suka tafi, wa zai kwana da masu jinya, wa zai je ƙauye allurar yara? Kika saurari kowa har ta gama. Ba ki yanke hukunci a ranar ba. Kika ce mu ɗauki maganar mu shiga da ita zaman shiru na mako guda. Da muka sake zama, kika ce, "Ubana bai taɓa samun geron da ya ishe mu ba, amma duk shekara sai ya ware iri. Gero ba ya ƙaruwa a rumbu. Idan muka ce sai mun isa sannan mu ba da, ba za mu taɓa isa ba."

Ni ce ɗaya daga cikin biyun da kika zaɓa. A lokacin ni ke taimakonki a ɗakin haihuwa, ni ke ɗaga muryar Zabura idan taki ta gaji. Kin san abin da kike cire wa kanki. Kika raka mu har Illela a bayan akori-kura, kika ba mu ƙullin kuka da daddawa, kika sa mana albarka a bakin iyaka, kika juya ba tare da kin waiwayo ba. Na ɗauka ƙarfin hali ne kawai. Sai bayan shekaru Hajiya Sakinatu ta gaya mini cewa daga Illela gidanta kika wuce, kika zauna a tabarmarta har rana ta faɗi, aka kawo abinci kika kasa ci.

Abin da muka ji tsoro bai faru ba. Gidan Arkilla ya sha wuya shekara ɗaya ko biyu, sannan 'yan mata suka fara zuwa, wasu ma daga Nijar ɗin. Bayan Nijar aka kira mu Chadi, aka kira mu arewacin Gana, daga baya Kamaru. Duk wadda ke son zama sista, daga kowace ƙasa take, sai ta zo Sakkwato ta yi koyo a hannunki. Akwai lokacin da idan ka shiga tsakar gidan nan da yamma za ka ji Zabarmanci a bakin rijiya, Faransanci a madafa, Larabcin Chadi a wajen shanya, duk suna ƙoƙarin kama Sakkwatancin matan da ke zuwa awo. Yau mun haura ɗari, a ƙasashe shida.

Wasu daga cikinmu, saboda ƙaunar abin da muka taso da shi, sun so a wajabta addu'ar Hausa a kowane gida na ƙungiyar. Ke da kika kawo ta, ke kika hana. Kin ce, "Allah ba Bahaushe ba ne. Abin da na roƙi Sista Birjit ta yi mini, shi za mu yi wa 'ya'yan wasu." Kika umarci kowane sabon gida ya nemi muryar matan wurin ya ɗora addu'arsa a kai. Abu uku kawai kika ce kada a bari ko'ina aka je: tashin asuba, zaman shiru, da kiran marasa lafiya da sunansu.

Akwai alherin da kika yi mini wanda ban taɓa faɗa a bainar jama'a ba. Shekarar da fari ya yi tsanani a Nijar, iyaye mata suna tahowa da ƙafa daga nesa da 'ya'yansu a goye, da yawa sun makara. Mun ceci waɗanda Allah ya nufa, mun rufe waɗanda suka tafi. Bayan abin ya lafa, sai na wayi gari addu'a ta ƙi fita daga bakina. Ina aiki, ina ci, ina gaisawa da mutane, amma da na shiga ɗakin addu'a sai kalmomin su ƙi zuwa. 'Yar'uwar da muke tare ta sanar da ke. Ba ki aiko da nasiha ba, kika shiga mota kika zo da kanki. Na zaci za ki yi mini wa'azi a kan haƙuri. Kika dube ni kika ce, "Hajara, ba a ce sai kin yi ba. Ki zo ki zauna a tabarma kawai. Mu za mu yi, taki tana cikin tamu." Kika zauna da mu har sabon wata ya kama. Kina rerawa, ina zaune a gefenki kamar dutse. Ba ki taɓa tambayata ko na ji sauƙi ba. Wata safiya na ji muryata ta bi taki ba tare da na yi niyya ba. Ba ki juyo kin dube ni ba, kika ci gaba, kika ɗan rage murya don tawa ta samu wuri. A ranar na gane dalilin da ya sa muke zama tare.

Zuwanmu Ireland ma shawararki ce. Labari ya zo cewa gidan da Sista Birjit ke zaune ya koma na tsofaffi zalla, ba matasa masu shiga, ba mai ɗaga su ba mai kwantar da su. Kika ce wadda ta bar ƙasarsu tana budurwa ta zo ta wanke mana jarirai, ba za ta rasa mai wanke ta ba muna raye. Kika tura mu uku. Wannan karon ban yi mamaki ba da na ji sunana. Na yi jinyar Sista Birjit har ƙarshenta. Da tsufa ya ci ƙarfinta, Turancin ma ya riƙa kuɓuce mata, amma addu'ar Hausa ba ta bar ta ba. Kwana kaɗan kafin ta cika ta tambaye ni, "An yi ruwa a Sakkwato?" Na kira ki na sa mata wayar a kunne. Kika ce mata an yi, gero ya kai gwiwa. Ta rufe ido tana murmushi. Ke kuwa, da kika aika sistoci zuwa ƙasashe har da na bayan teku, ba ki taɓa hawa jirgin sama ba. Ko yaushe aka yi miki tayi sai ki ce wani ya tsaya ya ba dogon yaro ruwa.

Jarrabawa mafi nauyi ta same ki ne bayan kin sauka daga shugabanci, ido ya fara yi miki rauni. A babban taron ƙungiya da aka yi a Abuja, wakilan ƙasashe suka kawo shawarar a mayar da ofishin shugaba da gidan koyo can, a rufe Arkilla. Ba mugunta ta sa su ba. Sakkwato ta yi nisa ga mai tahowa daga Kamaru ko Gana, hanyoyi sun lalace da rashin tsaro, iyaye suna fargabar turo 'ya'yansu, ga asibitoci manya sun kewaye namu ƙarami. Ina cikin taron, kuma na ga yawancin hannaye sun karkata can. Aka ba ki dama ki yi magana. Aka kama hannunki aka kai ki gaba.

Kika ce, "Ofis ya tafi inda jirgi ke sauka, ban hana ba. Amma ku tuna abin da gidan can ya koya mana. A can muka koyi zama 'yan kaɗan a tsakiyar mutanen da ba addininmu ɗaya ba, mu yi addu'armu ba tsoro ba tsokana, su san mu mu san su. Shi ya sa da muka je Nijar da Chadi ba mu zama baƙi ba. Idan aka rufe shi, ban san inda 'ya'yanmu za su koyi wannan ba." Kika koma kika zauna.

Ba ki samu duk abin da kika nema ba. Taro ya yanke cewa ofis da gidan koyo su koma Abuja, a bar sistoci uku a Arkilla muddin kina raye, bayan ranki a sake duba maganar. Kowa ya fahimci ma'anar wannan. Kika karɓa ba gunaguni, domin kin ɗauki alkawarin biyayya tun kina budurwa kuma ba ki ɗauke shi da wasa ba. Sista Mariyatu ta gaya mini ranar da motar ta zo kwashe 'yan koyo, kin tsaya a bakin ƙofa kina shafa fuskar kowace ɗaya don ido ba ya gani sosai, kina kiran sunanta da na garinsu. Da motar ta tafi kika ce, "Mariyatu, lokacin addu'ar rana ya yi." Kuka shiga ku uku a ɗakin da ya saba cika.

Shekarunki na ƙarshe, ganinki ya tafi gaba ɗaya, amma ba ki bukaci littafi ba, komai yana kanki. Aikin da kika ba kanki shi ne ɗaukar mu duka a baki. Kowace safiya kina bin gidajenmu ƙasa bayan ƙasa, kina ambaton kowace sista, har waɗanda suka shiga bayan an bar Arkilla, waɗanda ba ki taɓa haɗuwa da su ba. Idan aka yi sabuwa, sai ki sa a maimaita miki sunanta har ya zauna. Idan na kira ki ranar Lahadi, ba ki taɓa yi mini ƙorafin jiki ba. Tambayarki ita ce ko ina samun barkono a ƙasar nan, da kuma ko tsofaffin da nake jinya suna da masu ziyartarsu.

Sista Mariyatu ta ba ni labarin ranar ƙarshe. Kin tashi da asuba kamar kullum, kin yi addu'ar safe tare da su a zaune, kin sha koko kaɗan. Da hantsi hadari ya taso daga gabas. Kika ce a fitar da ke baranda ki ji ƙamshin ƙasa. Suka zaunar da ke a kujera suka lulluɓe miki ƙafafu. Ruwa ya sauko. Da Mariyatu ta dawo ta mayar da ke ciki, ta tarar kanki ya jingina, carbinki a hannu, rai ya yi halinsa.

Ban samu isowa jana'iza ba, wannan kuma zai daɗe yana yi mini ciwo. An gaya mini coci ya cika, 'yan'uwa sun zo daga Nijar da Chadi da Abuja. An gaya mini kuma cewa a tsakar gida, ƙarƙashin itatuwa, an shimfiɗa tabarmi ga matan unguwa da na ƙauyuka, waɗanda da yawansu a hannunki aka haife su ko suka haihu. Hajiya Sakinatu, da tsufanta da sandarta, ta zo tun ranar farko ta zauna a cikin masu karɓar gaisuwa. Da wata sista baƙuwa ta nemi ta kai ta wurin zaman baƙi, sai ta ce, "Ɗiyata, bar ni nan. Wagga mata ita ta karɓi haihuwar ɗiyana duka. Shekarun da munka yi tare, ko 'yan uwa ɗaya sai haka. In ban zamna nan ba, ina za ni zamna?" Aka bar ta. Duk wanda ya shigo sai ya durƙusa ya yi mata gaisuwa kamar yadda ake yi wa dangi.

Da aka share makoki, maganar da kowa ke gudu ta taso: makomar gidan. Na riga na sallama a zuciyata. Amma kafin majalisar shugaba ta zauna, wasu matasan sistoci biyar, biyu daga Chadi, biyu daga Gana, ɗaya daga Kamaru, suka nemi a tura su Sakkwato. Ba wanda ya sa su. Uku daga cikinsu ba su taɓa ganinki ba, sun dai ji cewa akwai wata tsohuwa a Arkilla da ke kiran sunansu kowace safiya. Shugabarmu ta kira ni a makon jiya ta ce majalisa ta amince gidan ya ci gaba, a matsayin gidan addu'a na ƙungiya duka, kuma kowace sabuwar sista za ta riƙa zuwa ta yi wata shida a can kafin ta ɗauki alkawarin ƙarshe. Sannan ta ce Mariyatu na bukatar wadda ta san muryoyin nan na dā don ta koya musu, ko zan koma? Na ce zan koma. Idan Allah ya kai mu kaka, ina hanya.

Mama, da an yi wannan kina raye, da kin ji daɗi. Amma ke kika koya mana cewa ba dole mai shuka ya ga girbi ba.

Ya Allah Uba mai jinƙai, ga baiwarka Rahama ta zo gare ka. Ka gafarta mata kurakuranta, waɗanda ta sani da waɗanda ba ta sani ba. Ka karɓe ta saboda Almasihu wanda ta bi tun ƙuruciya ba ta juya ba. Ka buɗe mata idanun da suka rufe a duniya ta ga haskenka. Ka sanyaya makwancinta, ka ba ta hutun da ba ya ƙarewa, ka tashe ta tare da salihan bayinka a rana ta ƙarshe.

Ina miƙa ta'aziyyata ga ƙaninta Baba Bawa Ɗanladi da iyalansa, da dukan dangin da suka ba da 'yarsu tun tana yarinya ba su nemi a mayar musu ba. Ina yi wa shugabarmu ta'aziyya, da 'yan'uwana Sistocin Salama a Najeriya da Nijar da Chadi da Gana da Kamaru da nan Ireland. Ina yi wa Sista Mariyatu, wadda ta yi jinyarta da haƙuri har ƙarshe, Allah ya saka mata. Ina yi wa Hajiya Sakinatu da zuriyar Malam Na'Allah, da matan Arkilla da Dundaye da Wamakko. Allah ya ba mu haƙurin rashinta baki ɗaya, ya sa namu ƙarshen ya yi kyau.

Ki huta, Mama. Kin yi ta kiran sunayenmu har muryarki ta ƙare. Daga yau naki ya shiga bakinmu.

Sista Hajara Magaji